Gyaran jimla zai hana bututun mai fashewa?

Nura: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga manyanmu da ke harkar mai, musamman Injiniya Garba. Malaminmu ya ba mu aiki kan yadda ƙasashe ke sa ido a kan bututun mai, ni Amurka ta faɗo hannuna. Jiya na raba dare ina karanta wasiƙun da hukumarsu mai kula da lafiyar bututu, PHMSA, ke aika wa kamfanoni, don ba a ɓoye suke ba, kowa na iya gani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da yawansu ba tara ba ce, ba kuma umarnin rufe bututu ba. Sufeto zai je ya karanta littafin ƙa'idojin aikin kamfani, ya dawo ya rubuta cewa sashe kaza bai fayyace wanda zai yi abu kaza ba, a gyara, an ba su kwana 30 su ba da amsa. Shi ke nan. Ni dai na ce wannan ai aikin malamin insha'i ne da jan biro. Bututun da ke ɗauke da fetur, gyaran jimla ne zai hana shi fashewa?

Ɗanliti Direba: Wa alaikumus salam. Ashe har a Amurka ma aikin ofis aikin ofis ne. Mu da muke jan tankar mai daga Legas zuwa Kano, takardun da ke gaban motata sun fi na ɗalibin jami'a yawa, amma ba su taɓa hana birki tsinkewa ba.

Injiniya Garba: Wa alaikumus salam Nura. Yanzu na tashi, dutin dare na yi. Tambayarka mai kyau ce, amma ka raina wasiƙar nan ne don ba ka ga igiyar da ke ɗaure da ita ba.

Dokar da ke kan bututun ɗanyen mai, fetur, gas, kananzir da makamantansu a nan Amurka ita ce kashi na 195 a kundin ƙa'idojin sufuri na tarayya. Ba ta zauna ta tsara wa kowane kamfani yadda zai tafiyar da bututunsa ba, don wanda ya ratsa fadamar Luwiziyana da wanda ya ratsa ƙanƙarar Alaska ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Abin da ta ce shi ne kowane kamfani ya rubuta littafinsa, ya kuma bi shi. Littafin ya ƙunshi aikin yau da kullum da gyare-gyare, da abin yi idan na'ura ta nuna abin da ba a saba gani ba, da abin yi idan ta ɓaci gaba ɗaya. A sake duba shi kowace shekara, kada tazarar ta wuce wata 15.

To ga inda gizo ke saƙar. Da zarar ka rubuta abu a littafin nan, ya zama doka a kanka. Idan ka saɓa wa abin da ka rubuta da hannunka, laifi ne, ana iya cin ka tara a kai. Saboda haka kamfani mai wayo yakan so ya rubuta abu sako-sako, irin "za a riƙa duba bawul lokaci-lokaci". Wa zai kama ka da "lokaci-lokaci"? Sufeton da ka kira malamin insha'i shi ne zai ce a'a, rubuta cewa manyan bawul na layi ana gwada su sau biyu a shekara, tazarar ba ta wuce wata bakwai da rabi ba, ka faɗi wanda zai yi, da inda zai sa hannu. In ya dawo baɗi, takardar sa hannun zai nema.

Nura: Wato wasiƙar tarko ce ake ɗanawa don gobe.

Injiniya Garba: Kusan haka. Kuma idan kamfani ya yi kunnen ƙashi, daga wasiƙa ake komawa umarni. Akwai matakai sama da ita: takardar gargaɗi, takardar zargin saɓa doka mai zuwa da tara, da umarnin gaggawa wanda ke iya rage ƙarfin turin mai ko tsayar da layi ɗungurungum.

Barista Talatu: Injiniya, ka yi bayani kamar lauyan kamfani. Bari in ɓata maka shi da gari ɗaya: Marshall, jihar Mishigan, Yulin 2010. Kamfanin Enbridge ba shi da littafi ne? Yana da shi. A ciki akwai doka ƙarara cewa idan aka ga alamar da ba a gane kanta ba har minti 10, a kashe famfo. Kuma ba daga sama suka tsinci dokar ba, bayan malalar da suka yi a Grand Rapids ta jihar Minesota a 1991 suka kafa ta. Jimla ce da babu sufeton da zai sa mata jan biro. Duk da haka bututu mai faɗin inci 30 ya tsage da yammacin Lahadi, ba su san ya tsage ba sai bayan fiye da awa 17. Me jimlar ta tsinana?

Ɗanliti Direba: Awa 17! Ni ko lita biyar ta zube daga tankata kafin in kai Lokoja yaron mota ya ji wari.

Injiniya Garba: Barista, ba zan kare su ba. Babu wanda ke zaune a ɗakin sa ido irin namu da ba a karantar da shi labarin Marshall ba. Amma bari in faɗa wa Nura yadda abin ya faru, don darasin yana cikin yadda ya faru ɗin.

Masu kula da layin ba a Mishigan suke ba, suna Edmonton ta ƙasar Kanada, allon kwamfuta kawai suke kallo. Bututun ya tsage ne daidai lokacin da ake kashe layin bisa tsari. Akwai wani abu da ke faruwa idan an kashe famfo a layin da ya bi tudu da gangare: man yakan rabu a kan tudu, ya bar wani gurbi na tururi a tsakiya, ƙarfin matsi ya faɗi. A allo, wannan da yoyo kamar Hassan da Husaini suke. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, suka ce ai rabuwar mai ce. Maganin rabuwar mai kuwa shi ne a ƙara turo mai ya cike gurbin. Sai suka kunna famfo da asubar Litinin, matsi ya ƙi tashi. Minti 10 ya wuce, ba su kashe ba, suka jingina da wani daftarin ƙa'ida da ba a ma amince da shi ba tukuna. Suka kashe daga baya, suka yi shawara, suka sake kunnawa. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta ce kashi 81 cikin 100 na man da ya zube, a waɗannan kunnawa biyu ya zube. Jimillarsa kimanin galan 843,000. Ɗanliti, a lissafinku tanka kusan 100 ke nan masu lita 33,000.

Duti uku suka yi canji a kan abin nan. Kowa ya zo sai ya karɓi fassarar wanda ya tarar, ba wanda ya ce tsaya, in fa huda ce? Ma'aikacin wani kamfanin iskar gas na yankin ne ya ga mai a rafi ya buga musu waya.

Barista Talatu: To ka gama yi mini aikina. Takarda na nan, mutane sun taka ta.

Injiniya Garba: Sun taka ta ne saboda an saba takawa ba abin da ya faru. Wannan shi ne ciwon. Ranar farko ka wuce minti 10 da minti biyu, ya zamana gaskiyarka ce, rabuwar mai ce. Gobe ka wuce da biyar. Bayan shekaru dokar ta koma ado.

Dakta Zainab: Ina bin ku a hankali. Akwai abin da ku biyun kuka tsallake, kuma shi ya fi kusa da tambayar Nura. Rahoton NTSB bai tsaya kan kamfani ba, ya taɓa ita kanta hukumar. Kowane kamfani yana miƙa tsarin yadda zai tunkari malala idan ta auku: kayan tare mai a ruwa, 'yan kwangila, tsawon lokacin isowarsu. A lokacin, ma'aikaci ɗaya da rabi ne a PHMSA ke duba irin waɗannan tsare-tsare kusan 450. Ɗaya da rabi, wato mutum guda da wani da ke ba da rabin lokacinsa. Wane irin karatu za a yi wa takardu 450 a haka? Hatimi kawai ake bugawa. Da abin ya faru, masu kai ɗauki na farko ba su da isassun kaya a kusa, ba su kuma tare man a ƙaramin rafin Talmadge yadda ya kamata ba, ya gangara kogin Kalamazoo.

Sannan irin man. Ba ɗanyen mai na yau da kullum ba ne, mai kauri ne kamar kwalta daga Alberta, wanda ake sirkawa da wani mai sauƙi don ya gudana. Da ya fita, abin sirkin ya bi iska, mutane suka shaƙa, mai nauyin kuma ya haɗu da laka ya nutse ƙasan kogi. Kayan da aka tanada na man da ke yawo a saman ruwa ne. Shekaru aka yi ana yashe kogin, kuɗin aikin ya haura dala biliyan ɗaya.

Don haka ni ba na cewa duba takarda banza ne. Cewa nake a Marshall ba a duba ta ba ma.

Nura: Anti Zainab, wannan ɗaya da rabin zai shiga aikina da jan layi a ƙarƙashinsa.

Barista Talatu: Ka ƙara da tarar. Hukumar ta ci su dala miliyan 3.7, a lokacin ita ce mafi girma da ta taɓa yankawa. Ga kamfani irin wannan, ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Sai a 2016 da ma'aikatar shari'a da hukumar muhalli suka shigo da dokar tsaftar ruwa aka yi sulhu kan dala miliyan 177. Ka ga mai haƙoran ba shi ne mai karanta littafin ba.

Kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: yawancin ma'aunan fasaha da dokar ke dogaro da su, ƙungiyoyin masana'antar ne ke rubuta su, irin su cibiyar man fetur ta API, sai gwamnati ta ɗauko ta ce sun zama doka. Kasafin sashen bututun ma galibi daga kuɗin da ake karɓa hannun kamfanonin yake fitowa. Ba a ba kura ajiyar nama ba kuwa?

Injiniya Garba: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Barista. Wa kike so ya rubuta ma'aunin walda, ɗan majalisa? Kuɗin kuma haraji ne na dole, ba kyauta ba ce da za su janye in an ɓata musu rai. Inda na yarda da ke shi ne ƙarancin ma'aikata. Bututun ruwa masu haɗari a ƙasar nan ya haura mil 200,000, ban da na iskar gas da ya ninka shi sau da yawa. Sufetocin tarayya da na jihohi duka 'yan ɗaruruwa ne. Ba mai iya taka wannan da ƙafa. Shi ya sa aka koma duba tsari da bayanan aiki, sai a zaɓi wasu wurare a je a gani da ido.

Af, Nura, kada ka ruɗe in ka ga sunan hukumar jiragen ƙasa ta Texas a takardun bututu. Sunan ne kawai ya rage na jirgin ƙasa, aikinta mai da iskar gas ne. Bututun da bai tsallaka iyakar jiha ba, sau da yawa jihar ce ke duba shi.

Baba Ɗanjuma: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya son ƙananan rubutu. Na yi shekara 28 a tashar tura mai a nan Arewa kafin in yi ritaya. Ina jin ku ina dariya. Mu ma muna da littafi, manya guda uku masu baƙin bango, waɗanda Turawan da suka gina tashar suka bari. Suna cikin kabad a ofishin oga, makulli a aljihunsa. Na rantse ban taɓa ganin an buɗe su don aiki ba, sai in baƙi za su zo a goge musu ƙura. An canza famfo, an canza mita, littafi yana nan yana bayanin injin da aka cire tun ina saurayi. Aikin a ka muke riƙe da shi, wanda ya daɗe ya koya wa sabo. Ranar da tsoho ya tafi, ya tafi da rabin tashar a kansa.

Saboda haka yaro, kada ka raina mutumin da zai zo ya ce buɗe littafinka in gani, ya kuma tambaye ka yaushe rabonka da gyara shi. Mu ba mu sami mai tambayar ba.

Nura: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Barista Talatu: Baba, Allah ya ja kwana. Ban musa maka ba. Amma da sufeto ya zo, oga zai buɗe kabad ya nuna masa littafi mai tsabta, ya tafi. Kai da ke kan famfo ba za a tambaye ka ba.

Injiniya Garba: A nan ana tambaya. Akwai sashe na musamman kan cancantar ma'aikaci: kowane aiki mai haɗari, sai an nuna shaidar cewa wanda ke yin sa an gwada shi. Sufeto na iya tsayawa a kanka ya ce gwada bawul ɗin nan ina kallo, littafi a hannunsa yana bin ka layi-layi. An taɓa yi mini a ɗakin sa ido, ya zaɓi wata ƙararrawa ta watannin baya ya ce in nuna masa abin da aka yi a kanta da wanda ya yi. Gumi na yi, ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Dokar ɗakin sa ido ta fito a ƙarshen 2009, amma wa'adin fara aiki da ita bai cika ba lokacin Marshall. Yanzu dole a rubuta yadda ake miƙa duti, a tsara hutu yadda mutum zai iya samun barcin awa takwas a jere, a kuma rage ƙararrawar banza. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Allon da ke ihu sau ɗari a dare, kunne yakan daina jin sa.

Dakta Zainab: Duk dokar da ka lissafa, Injiniya, sai da aka yi jana'iza ko aka rasa kogi kafin a rubuta ta. Bellingham a jihar Washinton, 10 ga Yunin 1999: fetur galan 237,000 ya kwarara cikin rafin da ya ratsa wurin shaƙatawar gari, ya kama da wuta. Yara biyu 'yan shekara 10 da saurayi ɗan 18 da ya je kamun kifi suka rasu. Bututun ya samu rauni tun 1994 lokacin da ake haƙa a wata tashar ruwan sha da ke kusa. An tura na'urar bincike ta cikinsa, ta nuna alamar rauni a wurin, ba a tona an duba ba. Bayan wannan ne aka kafa dokar cewa duk bututun da ya bi ta gari, ko wurin ruwan sha, ko kogin da jirage ke bi, sai an binciki lafiyarsa duk shekara biyar.

Marshall ma haka. Na'urar ta ga tsagar tun 2005. Shekara biyar bayanin na kwance a fayil.

Ɗanliti Direba: Wace na'ura ce ke shiga cikin bututu kuma?

Injiniya Garba: Wani dogon ƙarfe ne mai maganaɗisu ko na'urar sauti, ana saka shi a bututu, man da kansa ke tura shi, yana tafe yana auna kaurin ƙarfen da inda tsatsa ta ci. Masu aikin suna ce masa alade.

Ɗanliti Direba: A'uzubillahi. Duk dabbobin duniya su rasa sunan da za su ba shi.

Baba Ɗanjuma: Haka muke kiransa mu ma, ɗana. Har wurin saka shi da wurin cire shi akwai a tasharmu.

Isuhu Damagaram: Sannunku da hira. Ni abin da ya dame ni namu ne na Nijar. Bututun da ya tashi daga Agadem ya bi har Seme a gaɓar tekun Benin ya kusa kilomita 2,000, a 2024 aka fara lodin mai da shi. Ga kuma ƙaramin da ke kawo mai matatar SORAZ tun 2011. Na Benin ɗin sabo ne, tsatsa ba ta kama shi ba tukuna, amma a watan Yunin 2024 an fasa wani sashe, 'yan tawaye suka ce su ne. Duk abin da kuke faɗi na Amurka, na tsufa da sakaci ne. Namu mutum ne ke zuwa da gangan. Littafi zai hana wannan?

Barista Talatu: Tambayar da nake jira ke nan. Jesse a jihar Delta, Oktoban 1998, mutum sama da 1,000 suka mutu a gobarar bututu. Abule Egba a Legas, Disamban 2006, sama da 200. Mutane ne da bokiti da jarka a kan fetur.

Dakta Zainab: Littafi ba zai hana mai fasawa fasawa ba, Malam Isuhu. Amma tsakanin fasawa da tashin wuta akwai lokaci, kuma wannan lokacin na littafi ne. Minti nawa kafin a gane matsi ya faɗi? Wa ke da ikon kashe famfo ba sai ya nemi izini ba? Bawul mafi kusa yana ina, da hannu ake rufe shi ko daga nesa? Wa zai kira mai gari ya hana jama'a zuwa? A Amurka, bisa dokar 2022, sabon bututu mai faɗin inci shida zuwa sama sai an sa masa bawul da za a iya rufewa cikin minti 30 da gane fashewa.

Kuma ba duk namu ne fasawa ba. Ijegun, Mayun 2008, motar aikin titi ce ta daki bututu, wuta ta ci gidaje har ta kai makaranta. Irin raunin Bellingham ke nan, haƙa ba tare da sanin abin da ke ƙasa ba. Can suna da lamba ɗaya a duk ƙasar, 811, kafin ka haƙa ko ramin shinge ne ka kira, a zo a sa maka alamar inda bututu ya bi.

Sanin maƙwabta ma yana cikin littafin. A Fabrairun 2020 bututun iskar kabon ya tsinke kusa da ƙauyen Satartia a Misisipi bayan ruwan sama mai yawa ya zaftare ƙasa. Ita ma a ƙarƙashin wannan doka take, don matse ta ake yi ta koma kamar ruwa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta sauka kan ƙauyen. Mutane na faɗuwa, motoci na mutuwa don injin bai samun iska. Mutum 45 suka je asibiti. Binciken hukuma ya gano lissafin kamfanin bai nuna iskar za ta kai ƙauyen ba, don haka ba a sa mutanensa cikin waɗanda ake wayar wa kai ba. Kuskure ne a takarda, Barista, amma a huhun mutane ya bayyana.

Barista Talatu: Na karɓi wannan. Sai dai ki lura, bayan an kwashi mutane zuwa asibiti aka gano kuskuren, ba a zaman duba littafi ba.

Dakta Zainab: Ban ƙi ba.

Isuhu Damagaram: Maganar mai gari ta shige ni. Makiyayan da ke bi ta kan layin nan kullum sun fi kowace na'ura ganinsa, amma ban san ko akwai lambar da aka ba su ba.

Injiniya Garba: Ko a nan sau da yawa ido ke riga na'ura. A Agustan 2020 a Karolina ta Arewa, samari biyu da ke yawo a kan babur mai ƙafa huɗu cikin daji su suka ga fetur na tsattsafowa daga bututun Colonial. Da farko aka ce galan 63,000 ne, da aka ci gaba da tono lissafin ya kai kusan miliyan biyu. Na'urar lissafin shiga da fita tana kama babbar huda, ƙaramin yoyo kuwa yakan ɓuya cikin kuskuren mita. Shi ya sa doka ta ce a zagaya kan layi sau 26 a shekara, kada a wuce mako uku, ko a ƙasa ko ta jirgin sama.

Nura: Yaya Garba, tambaya ta ƙarshe daga ni. Kai ka taɓa kashe layi a kan ƙararrawa?

Injiniya Garba: Sau biyu. Na farko ina sabo, wajen ƙarfe ukun dare, lissafin shiga da fita ya ƙi daidaita. Na duba abin da zan duba, ban gane ba, lokaci ya cika, na kashe. Aka tashi mutane daga barci, aka tura mota, da gari ya waye aka tura jirgi. Ba ko ɗigo. Mita ce ta lalace. Mun yi asarar awanni, kuma wani babba ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Abin da ya tsare ni shi ne shafin nan da ya ce in lokaci ya cika a kashe, kuma ba a sake kunnawa sai an tabbatar da dalili. Na buɗe masa shi a kan tebur. Da jimlar ta ce "a yi la'akari da kashewa", da ni za a ci.

Na biyun ba mita ba ce. Wannan ba zan yi bayaninsa a nan ba.

Barista Talatu: To ka ga wannan hujjar ta fi duk lambobin da ka kawo. Har yanzu ina kan bakana cewa tarar wasa ce, kuma ma'aikatan sun yi kaɗan.

Nura: Yanzu matsalata ɓangare na biyu na aikin, kwatanci da Najeriya. Na ga dokar 2006 da ta kafa NOSDRA, hukumar kula da malalar mai, ta ba kamfani awa 24 ya kai rahoton malala, alhali a Amurka awa ɗaya ce da tabbatar da ita, kuma ko galan biyar ne, abin da bai cika jarka mai lita 20 ba, sai an rubuta rahoto. Na ga kuma dokar man fetur ta 2021 ta rushe DPR, tsohon sashen sa ido kan harkar mai, ta raba aikin tsakanin NUPRC mai kula da haƙowa da NMDPRA mai kula da jigila, tacewa da rarrabawa. Amma irin wasiƙun nan na "gyara littafinka" nake nema in sa gefe da gefe.

Dakta Zainab: Ka karanta rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni. Ya nuna masu sa idon kan dogara da kamfanonin da suke dubawa wajen kai su inda malalar take. Ya kuma nuna wuraren da kamfani bai bi ƙa'idar da shi kansa ya rubuta ba. Zai ba ka abin kwatanci.

Barista Talatu: Ka rubuta wa NMDPRA kai tsaye ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kwana bakwai doka ta ba su su amsa. Turo mini sunanka da na sashenku ta akwatina, zan tsara maka wasiƙar yau da dare. Kada ka tambayi abu mai faɗi, za su ba ka amsa mai faɗi. Zaɓi layi ɗaya.

Baba Ɗanjuma: Ka zaɓi wanda aka gina don kawo ɗanyen mai Kaduna daga Warri. Ka tambaye su ranar ƙarshe da aka tura alade a cikinsa, da wanda ya karanta sakamakon.

Ɗanliti Direba: In sun amsa ka sanar da mu a nan, Nura. In bututun ya tashi aiki sosai mu ne za mu rasa lodi, gara in sani da wuri in fara neman gona.

Injiniya Garba: Ni zan koma barci, ƙarfe shida zan karɓi duti. Nura, turo mini lambar wasiƙar da ta fi ba ka dariya jiya, in nuna maka abin da sufeton ya hango a cikinta.